Titi Cikin Titi: Yadda Kanel ɗin Linux Ke Tsara Na'urori Masu Hawa-Hawa, da Misali Daga Firjin Rigakafi a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda kanel ɗin Linux ke wakiltar titunan sadarwa na cikin kwamfuta idan wani titi ya rataya a jikin wani. An ɗauki misalin ƙaramar na'urar lura da sanyin firjin allurar rigakafi, irin wadda ɗalibi zai iya harhaɗawa don asibitin mazaɓa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, aka bi sawunta daga ƙwaƙwalwar kwamfuta har zuwa ma'aunin zafi. Nazarin ya nuna cewa kowace na'ura tana da dangantaka iri biyu: irin titin da take bin dokarsa, da kuma uwar da take rataye a jikinta. Haɗa waɗannan biyu a matsayin abu guda shi ne tushen kurakurai da dama, ciki har da wanda zai sa firji mai zafin digiri 12 ya bayyana a allo da digiri 4.

Fitilun Kalmomi: kanel, titin sadarwa, gada, direba, bishiyar na'urori, Linux

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta yakan fara sanin sassan na'ura ta hanyar zane mai sauƙi: ƙwaƙwalwa a gefe guda, ma'adanar bayanai a ɗaya gefen, sai dogon layi guda da sauran sassa ke jere a kansa. Wannan zane ya wadatar a darasin farko, amma kwamfutar zahiri ba haka take ba. A cikinta akwai tituna iri-iri, kowane da dokarsa da saurinsa, kuma sau da yawa ba a isa ga ɗaya sai an ratsa ta cikin wani. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: ta yaya babbar manhajar sarrafa kwamfuta ke riƙe wannan hawa-hawa a cikin tsarinta, kuma me ke lalacewa idan an riƙe shi ba daidai ba?

1.1 Ma'anar Kalmomi

Kanel shi ne zuciyar babbar manhaja, sashen da ke magana kai-tsaye da ƙarfe da waya. Titin sadarwa, ko titi a taƙaice, shi ne hanyar da sassan kwamfuta ke musayar bayanai a kai tare da dokokin wannan musaya. Misalansa su ne PCI da USB da I2C. Direba shi ne guntun manhajar da ya san yadda ake sarrafa wata na'ura, kamar yadda masu gyaran waya da kwamfuta ke kiran sa a kasuwanninmu. Gada kuwa ita ce na'urar da ke zaune a kan titi ɗaya, ta kuma buɗe wani sabon titi a bayanta. An bar sunayen da ke cikin rubutun Linux yadda suke, domin da su mai karatu zai nemo abin da ake magana a kai.

2.0 Muhallin Nazari

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi ne a kudancin Jihar Katsina, kuma su ukun ne suka haɗu suka zama mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, kuma waɗannan ukun suna ciki. Sai a watan Disamba na shekarar aka fara maido da layukan. Darasin da mai ƙera na'ura zai ɗauka daga wannan lamari a fili yake: duk abin da aka girka a irin wannan wuri dole ya iya tashi da kansa bayan ɗaukewar wuta, ya ci gaba da aiki tsawon makonni ba tare da intanet ba, kuma ba tare da injiniyan da zai taso daga Funtuwa ko Katsina ya duba shi ba.

Ajiyar allurar rigakafi na cikin ayyukan da suka fi buƙatar irin wannan amana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi cewa a ajiye yawancin alluran a matakin asibiti tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. Zafi yana rage ƙarfinsu, daskarewa kuma tana lalata wasu gaba ɗaya, kamar ta ciwon hanta nau'in B da ta cututtuka biyar a haɗe. Allurar da ta lalace ba ta cika sauya kamanni ba, don haka ma'aikaciyar lafiya ta dogara ne da abin da ma'auni ya gaya mata.

Na'urar da za a yi nazari da ita misali ce ta koyarwa, kuma ba ta maye gurbin ma'aunan da hukumomin lafiya suka tantance. Sassanta huɗu ne: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 wadda ta fito a 2019, gada mai suna CP2112 ta kamfanin Silicon Labs, wadda ake soka wa a ramin USB ta fitar da titin I2C, mararraba mai suna PCA9548 da ke raba titin I2C gida takwas, sai ma'aunan zafi samfurin TMP102.

3.0 Asalin Tsarin Na'urori na Linux

Kafin shekarar 2001, kowane titi a Linux yana riƙe da nasa jerin na'urori. Sashen PCI ya san nasa, sashen USB ya san nasa, amma babu wuri guda da aka rubuta cewa titin USB ɗin nan yana rataye ne a jikin wata na'urar PCI. Matsalar ta fito fili lokacin da aka so kwamfutocin tafi-da-gidanka su riƙa yin barci don tanadin batir, domin ba a san wace na'ura za a fara kashewa ba. Patrick Mochel ne ya jagoranci gina tsari na bai-ɗaya a jerin gwaji na 2.5, ya gabatar da shi a taron Linux na Ottawa a 2002, sannan tsarin ya fito ga jama'a a Linux 2.6.0 cikin Disamba 2003. Daga baya Greg Kroah-Hartman ya kasance cikin masu kula da wannan sashe. Tare da tsarin aka samar da sysfs, wato kundin /sys, inda mutum zai ga bishiyar na'urori da idonsa kamar manyan fayiloli cikin manyan fayiloli. Ya kamata a riƙe wannan tarihi, domin yana nuna cewa buƙatar sanin jerin kashewa da kunnawa ce ta haifi bishiyar tun farko.

4.0 Dangantaka Biyu

Kowace na'ura a Linux tana da wakili mai suna struct device. A cikinsa akwai gurabe biyu da suka shafi wannan nazari. Na farko shi ne bus, wanda ke nuna irin titin da na'urar ke bi. Na biyu shi ne parent, wanda ke nuna uwarta, wato na'urar da dole a ratsa kafin a iso gare ta.

Tsarin zaman garin Hausa zai taimaka wajen fahimtar bambancin. Maƙeri yana bin Sarkin Maƙera a kan abin da ya shafi sana'a, ko a wace unguwa yake zaune. Amma idan ana neman sa, ta wajen hakimi za a bi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, zuwa maigidansa. Sana'a ɗaya ce ga dukkan maƙeran gari, mazauni kuwa kowa da nasa. Haka abin yake a kanel: akwai bus_type guda ɗaya tak na I2C a kwamfuta baki ɗaya, ko da titunan I2C na zahiri sun kai ashirin. Aikinsa shi ne riƙe dokar haɗa na'ura da direbanta. Saboda haka, abin da ke shiga cikin wani shi ne na'ura, ta hanyar gurbin uwa. Irin titi ba ya shiga cikin wani irin titi. Kundin /sys/bus jeri ne shimfiɗaɗɗe na sana'o'i, kundin /sys/devices kuma shi ne taswirar mazauni.

4.1 Bin Sawun Ma'auni Guda

Idan aka soka CP2112 a ɗaya daga ramukan Raspberry Pi 4, aka ɗaura ma'auni guda kai-tsaye, mazauninsa zai yi kama da wannan:

/sys/devices/platform/scb/fd500000.pcie/pci0000:00/0000:00:00.0/0000:01:00.0/usb1/1-1/1-1.3/1-1.3:1.0/0003:10C4:EA90.0001/i2c-22/22-0048

Lambar rami da lambar titin I2C za su iya bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, amma jerin hawan ba ya sauyawa. Ana karanta shi daga hagu zuwa dama.

Sashen fd500000.pcie shi ne mai sarrafa PCIe da ke cikin babban cip na BCM2711. Yana kan titin da ake kira platform, wanda aka tanada don sassan da ba su iya gabatar da kansu. Kanel ya san da shi ne domin an rubuta shi a fayil ɗin bayanin allo da ake miƙa masa lokacin tashi, dabarar da ta samo asali daga ƙa'idar Open Firmware ta 1994. Daga nan aka shiga titin PCI: 0000:00:00.0 gada ce, 0000:01:00.0 kuma cip ɗin VL805 ne na kamfanin VIA Labs, mai sarrafa USB. A ƙarƙashinsa usb1 ita ce tushen mahaɗa, 1-1 mahaɗa ce ta biyu da ramukan nan huɗu ke bi, 1-1.3 ita ce CP2112 a rami na uku, 1-1.3:1.0 kuma fuskarta ce ta aiki. CP2112 tana gabatar da kanta a rukunin HID, rukunin linzamin kwamfuta da allon rubutu, don haka aka sami wani hawa mai ɗauke da lambar kamfani 10C4 da lambar samfuri EA90. Sai i2c-22, sabon titin da gadar ta buɗe, sannan 22-0048, ma'aunin da ke amsawa a adireshi 0x48.

Ke nan, kafin a karanta zafin firji sau ɗaya, saƙo ya ratsa irin titi biyar: platform, PCI, USB, HID da I2C. A ƙarshe direban ma'aunin yana fitar da sakamako a fayil mai suna temp1_input, inda 5000 ke nufin digiri 5.

4.2 Aikin Gada

Kowace gada tana da fuska biyu. A sama, 'ya ce kamar kowace: titin sama ya gano ta, ya haɗa ta da direba, ya kira aikin probe na direban. A cikin wannan aikin ne direban ke ƙirƙirar fuska ta biyu. Direban hid-cp2112, alal misali, yana cike wani tsari mai suna i2c_adapter, ya rubuta na'urar HID ɗin a gurbin uwa, sannan ya yi masa rajista da i2c_add_adapter. Wannan layi guda na rubuta uwa shi ne ƙullin da ya ɗaure titin ƙasa da na sama. Idan marubucin direba ya manta da shi, na'urar za ta yi aiki a ranar gwaji, sai dai sabon titin zai bayyana a saman bishiya kamar maraya, kuma kanel ba zai san cewa rayuwarsa ta dogara da wata wayar USB ba.

Tituna sun bambanta wajen sanin 'ya'yansu. PCI, wanda Intel ta fitar a 1992, yana ƙidaya su da kansa: tituna har 256, na'urori 32 a kowane titi, ayyuka 8 a kowace na'ura, kuma kowace gada tana riƙe da lambar titin da ke samanta, da na ƙasanta, da mafi nisa a zuriyarta. USB, wanda ya fito a 1996, yana raba adireshi har 127, kuma bai yarda a jera mahaɗa fiye da biyar tsakanin kwamfuta da na'ura ba. I2C, wanda Philips ta ƙirƙira a 1982, waya biyu ce kawai, kuma ba shi da hanyar tambayar na'ura ko ita wace ce. A misalinmu, titin da ba ya ƙidaya yana rataye ne a bayan titin da ake iya cirewa a kowane lokaci. Dole wani ya gaya wa kanel abin da ke wurin, ta hanyar rubuta tmp102 0x48 a fayil ɗin new_device na wannan titi.

5.0 Abin da Gurbin Uwa Ke Hukuntawa

5.1 Barci da Farkawa

Duk na'urar da aka yi wa rajista ana ƙara ta a ƙarshen wani jeri mai suna dpm_list. Da yake ba a yi wa 'ya rajista kafin uwarta, uwa kullum tana gaba a jerin. Lokacin barci kanel yana bin jerin daga ƙarshe zuwa farko, lokacin farkawa kuma daga farko zuwa ƙarshe. Hikimar a bayyane take: umarnin da zai kwantar da ma'auni dole ya bi ta gada, don haka gada ce ƙarshen kwanciya kuma farkon tashi. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu manhajar Android, waɗanda suka cika kasuwannin yankin, a kan kanel ɗin Linux suke gudana, kuma suna bin wannan jeri duk lokacin da suka yi barci a aljihu. Gilashin taɓawa na yawancinsu yana kan titin I2C ne. Inda aka tayar da shi kafin mai sarrafa titinsa, saƙon saiti ba zai isa ba, waya ta haskaka amma ta ƙi jin yatsa.

Akwai kuma barcin ɗaiɗaiku, inda na'ura ɗaya ke hutawa alhali sauran suna aiki. A nan kanel yana ƙidaya 'ya'yan kowace uwa da ke farke, kuma bisa al'ada ba ya barin uwa ta kwanta sai ƙidayar ta koma sifili. Titin da aka bari maraya ba ya shiga wannan ƙidaya.

5.2 Cirewa

A wurin da batir da hasken rana ke ba da wuta, ƙarfin lantarki yakan faɗi na ɗan lokaci. Raspberry Pi 4 tana buƙatar bolt 5, kuma tana yin gargaɗi idan ya sauka ƙasa da kimanin 4.63. Irin wannan faɗuwa takan sa na'urar USB ta ɓace ta sake dawowa, tamkar an zare ta an mayar. A idon kanel, reshe guda na bishiya ya karye, kuma dole a kwance shi daga ganye zuwa tushe. Sashen USB yana sanar da HID, HID ya kira aikin remove na direban gada, shi kuma ya kira i2c_del_adapter, wanda ke cire ma'aunai tukuna kafin titin.

Cire na'ura daga bishiya daban yake da share ta daga ma'adana. Kowace na'ura tana da ƙidayar masu riƙe da ita, kuma kowace 'ya tana riƙe da uwarta. Sai ƙidaya ta ƙare ake kiran aikin release. Direban da ya share ma'adanarsa tun wani yana riƙe da ita ya buɗe ƙofar rushewar kanel. Sashen I2C ya zaɓi jira: ba ya kammala cire titi sai kowa ya saki. Don haka manhajar da ta buɗe fayil ɗin /dev na titin ta ƙi rufewa bayan kuskure tana iya tsayar da aikin cirewa baki ɗaya. Ƙa'ida ga mai rubuta manhajar lura ita ce: da zarar karatu ya gaza, a rufe fayil, a sake neman na'urar daga farko.

5.3 Suna

Lambar 22 da ke cikin i2c-22 ba ta dindindin ba ce; kanel yana ba da lambar da ta fara samuwa ne. A ɗauka asibiti yana da firji biyu, kowane da gadarsa. Wuta ta yi ƙasa, gadojin biyu suka ɓace, ta biyu ta riga ta farko dawowa. Yanzu lambobinsu sun musanya, kuma manhajar da ta haddace lamba za ta rubuta zafin firjin farko a shafin na biyu. Abin da bai sauya ba shi ne mazauni: 1-1.3 rami na uku ne har kullum. Saboda haka ake rubuta dokar udev da ke gane gada ta hanyar zuriyarta, ta kuma sake sanar da ma'aunai a new_device, tun da waɗanda aka sanar da hannu suna tafiya tare da titin da ya ɓace.

6.0 Mararraba: Titi Cikin Irinsa

TMP102 yana da adireshi huɗu kacal, daga 0x48 zuwa 0x4B. Mai son ma'aunai da yawa yakan sa PCA9548, wadda ke amsawa a adireshi daga 0x70 zuwa 0x77. Ita kanta na'ura ce a kan titin I2C, amma tana da rassa takwas, kuma Linux yana wakiltar kowane reshe a matsayin sabon titin I2C mai lambarsa. A nan iri ɗaya ne a sama da ƙasa, abin da ke ƙara tabbatar da cewa hawa-hawa yana cikin gurbin uwa ne. Abin lura shi ne kanel yana rataya rassan a jikin titin sama, sannan ya ajiye wata alama mai suna mux_device da ke nuna mararrabar da ta haife su.

Kowane karatu ta mararraba matakai ne: a zaɓi reshe, a aika saƙo, wani lokaci a rufe reshen. Idan wani aiki ya kutsa tsakanin mataki na farko da na biyu ya sauya reshe, saƙo zai tafi ga ma'aunin da ba shi ake nufi ba. Maganin shi ne makulli. Tun Linux 4.7 na 2016, bisa aikin Peter Rosin, akwai salo biyu: wanda ke kulle titin uwa gaba ɗaya har a gama, da wanda ke kulle mararrabun da ke kansa kaɗai. Direban PCA9548 yana bin salo na farko.

Makulli bai kawar da dukkan haɗari ba. A ɗauka an sa mararraba biyu gefe da gefe a titi ɗaya, kowace da ma'auni a 0x48. Bisa al'ada PCA9548 tana barin reshen da aka yi amfani da shi na ƙarshe a buɗe. Idan aka karanta firjin farko sannan aka juya ga na biyu, ma'aunai biyu za su amsa a lokaci guda. Wayar I2C an gina ta ne yadda duk wanda ya ja ta ƙasa shi ke rinjaye, wato sifili yana cinye ɗaya. TMP102 yana ƙidaya zafi da kashi ɗaya cikin 16 na digiri. Digiri 5 shi ne 80, wanda a lissafin sifili da ɗaya yake 01010000. Digiri 12 shi ne 192, wato 11000000. Idan suka haɗu a waya, gurbin da duka biyun ke da ɗaya ne kawai zai tsira, a sami 01000000, wato 64, wato digiri 4. Firjin da ya ɗumama har digiri 12 zai bayyana a tsakiyar iyakar aminci, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito. Gyaran shi ne a umarci kowace mararraba ta rufe rassanta bayan kowane saƙo, ta alamar i2c-mux-idle-disconnect a fayil ɗin bayanin allo ko ta fayil ɗin idle_state na direban.

7.0 Inda Bishiya Ta Gaza

Bishiya tana ba kowace na'ura uwa ɗaya, alhali na'ura takan dogara da abubuwa da yawa. Kyamarar waya tana karɓar umarni ta I2C, tana samun wuta daga cip ɗin lantarki da ke wani reshe, agogonta kuma daga wani wuri dabam. An magance wannan a matakai. A Linux 3.4 na 2012, Grant Likely ya kawo jinkirta ɗauri: direban da bai sami abin da yake buƙata ba yana mayar da EPROBE_DEFER, a sake gwada shi daga baya. A 4.10 na 2017, Rafael Wysocki ya kawo device links, igiyoyin da ke haɗa mai bayarwa da mai karɓa ko da suna rassa daban-daban, su kuma gyara matsayinsu a jerin barci. Daga baya Saravana Kannan ya ƙara fw_devlink, wanda ke ƙulla igiyoyin da kansa daga bayanin allo. A 5.11 na 2021 aka samar da titin auxiliary, don na'ura guda mai ayyuka da yawa ta raba kanta ga direbobi ba tare da an ƙirƙiri na'urorin platform na bogi ba. Duk waɗannan ƙari ne a kan bishiya. Gurbin uwa ya ci gaba da nufin abu guda, wato hanyar da saƙo ke bi.

8.0 Yadda Sauran Manhajoji Suka Yi

Matsalar ba ta Linux kaɗai ba ce. A FreeBSD, tsarin newbus da Doug Rabson ya fara ya ɗauki duk na'urar da ke da 'ya'ya a matsayin titi, kuma buƙatar 'ya tana hawa daga uwa zuwa kaka har ta kai tushe mai suna nexus. A Windows, direban titi yana ƙirƙirar wakili mai suna PDO ga kowace 'ya, direban aiki ya ɗora nasa FDO a kai; gada tana da FDO a titin sama, tana kuma haifar PDO a titin ƙasa, fuskoki biyun nan da aka bayyana a 4.2. A macOS, rajistar IOKit tana da shimfiɗu da yawa, ɗaya na hidima, wani na wuta, domin na'ura ta sami uwa daban a kowane. Hanyoyin sun bambanta, amma dukkansu sun raba tambayar wace doka na'ura ke bi da tambayar ta ina ake isa gare ta.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hawa-hawan tituna a Linux yana zaune ne a gurbin uwa na kowace na'ura, kuma gada ce ke ƙulla shi a lokacin probe. Daga wannan gurbi ake samun jerin barci da farkawa, da jerin cirewa, da sunan da ba ya sauyawa. Ga ɗalibin da ke shirin girka na'ura a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, gwaji huɗu sun wajaba kafin ta bar ɗakin bincike. Ya bi mazaunin kowane ma'auni a /sys/devices, ya tabbatar babu titin da ke tsaye ba uwa. Ya zare wayar USB ana tsakiyar karatu, sau da yawa, ya ga ko manhajar ta farfaɗo da kanta. Ya musanya jerin soka gadoji, ya duba ko kowane firji ya riƙe sunansa. Sannan ya sa ma'auni ɗaya a ruwan sanyi, ɗaya a tafin hannunsa, ya karanta su bi da bi, ya gwada sakamakon da ma'aunin hannu da aka amince da shi.